Ranar da Audi Ya Goya Surukarsa

Audi taubashina ne, ɗan ƙanen mahaifiyata, saboda haka ina da damar faɗin abin da na ga dama a kansa, shi ma bai taɓa raga mani ba. A garin Babban Mutum aka haife mu, tare muka yi kiwon awaki, tare aka yi mana kaciya. Wanda ya je garin yanzu zai same shi a bakin tasha, ƙarƙashin wata rumfar kwano, yana sayar da baƙin mai da tayoyin babur. Ya yi furfura, ya ajiye tumbi, yana kuma yi wa samarin 'yan acaɓa faɗa a kan gudu kamar shi bai taɓa yi ba.

Boko bai zauna masa ba, karatun allo ma da ƙyar ya kai inda zai yi salla ba gyara. Abin da Allah ya hore masa shi ne ɗaukar kaya. Ya fara da jakin babansa, yana kai gero kasuwar Baure, ya koma keke, daga baya ya sayar da bijimin da ya gada ya sayi babur Jincen na hannu. Daga nan ya shiga fito. Zai ɗaure jarkokin fetur hagu da dama, ya bi ta cikin gonaki ya tsallaka iyaka wajen Magarya, ya dawo da wake ko dabino, wata rana da rago a ɗaure a gabansa yana ta kuka. Rairayin ƙasarmu da ke kayar da baƙo, shi a cikinsa ya koyi tuƙi. Sai dai ƙasarmu shimfiɗe take kamar tabarma. Har ya yi aure ya tara 'ya'ya, Audi bai taɓa ganin tudun da ya wuce duwatsun Dutsi ba, su ma daga kan kwalta ya hange su.

Bakinsa ba shi da linzami. Ya yi cacar baki da makanikai, ya yi da masu tsaron iyaka, ya yi da ni ba adadi. Mutum ɗaya ce a duniya take mayar da shi bebe, ita ce Inna Kubura, mahaifiyar matarsa Barakatu. Kowa a wajenmu yana jin kunyar surukarsa, amma ta Audi ta wuce misali. Idan ya je gaishe ta a ƙauyensu, tun daga bakin ƙofa zai tuɓe takalmi, ya tsuguna a bayan zana ya yi gaisuwa, wata maƙwabciya ce za ta amsa a madadinta. Wata ranar kasuwa sun yi kiciɓis a siririyar hanya, ita da ƙwaryar daddawa a ka, shi da kaya niƙi-niƙi. Ya karya kan babur ya faɗa gonar gyaɗar mutane, ya kife, ya kwanta a nan bai motsa ba har ta wuce. Ita kuwa ta ɗaga kai tana kallon sama kamar mai duban hadari. Ita ma ba ta taɓa kama sunansa ba, don sunan marigayi mijinta ke gare shi. Idan magana ta kama, sai ta ce wa 'yarta, "Mai babur ɗin nan naki."

Akwai wani sunan kuma da ba ya fita daga bakinta, shi ne na ɗanta na fari, Lawal. Wannan ba abin mamaki ba ne, iyayenmu haka suke da ɗan fari: ba sa kiran sunansa, ba sa yi masa wasa a gaban mutane, idan an yabe shi sai su sauya magana. Lawal ya daɗe da barin gida. Ya tafi haƙar kuza a duwatsun da ke bayan Doguwa, can kudancin Kano, ya yi aure a wani ƙauyen mahaƙa da ake ce wa Zangon Kuza, bai cika zuwa gida ba. Inna Kubura takan ce da shi "wancan na dutse".

A farkon wata damina, ba a daɗe da ƙaddamar da Shari'a ba, wani mutumin Baure mai suna Zailani, wanda suke haƙa tare da Lawal, ya dawo gida ya biyo ta ƙauyen Inna Kubura. Ya ce tarin da Lawal yake yi ya koma fitar da jini, ya daina tashi, kuma da bakinsa ya ce a kira masa Inna. Ya ƙara da cewa wanda yake son ganinsa ya yi sauri. Tana zaune tana tsince kalwa ta ji wannan magana. Ta tambayi Zailani ko an yi ruwa a wajensu, ya ce an yi. Ta ce madalla. Da ya tafi ta rufe tukunyarta, ta ƙulle 'yan kayanta a ɗankwali, ta tako da ƙafa har gidan Barakatu.

To, lokacin ana tsakiyar yajin aiki a kan kuɗin mai. Babu mota ko ɗaya da ke tashi daga tasha, direbobi suna kwance a ƙarƙashin motocinsu suna barci. Fetur ɗin da ya rage a unguwarmu yana cikin jarkoki a ɗakin Audi. Barakatu tana da tsohon ciki, ba ta iya zuwa ko'ina. An kawo shawarar a ba wani saurayi man ya kai tsohuwa, sai liman ya ce a'a, mace ba ta yin irin wannan doguwar tafiya a bayan wanda ba muharraminta ba, amma mijin 'yarta muharrami ne. Inna Kubura ba ta da wani ɗa namiji sai wanda ke kwance. Sai ya zama mutumin da addini ya yarje masa ya ɗauke ta shi ne wanda al'ada ta hana ya ko kalli fuskarta.

Ya zo wurina da yamma, gumi yana keto masa.

"Ni in goya Inna? Daga asuba har yamma, sirdi ɗaya?"

Na ce, "Ka goya rago, ka goya buhu, wannan ce za ta gagare ka? Ai ba ta kai nauyin rabin jarka ba."

"Kai dai ba ka da mutunci," in ji shi. Sannan ya ce, "Lawal ne ya tsaya mani lokacin neman aure. Dole in kai ta ta same shi da rai."

Da aka idar da sallar asuba na je na ga shirin da ya yi, na yi dariya har na riƙe ciki. Ya ɗauko rabin buhun gero, wai tsarabar gidan Lawal, ya tsayar da shi a kan sirdi daidai bayansa ya ɗaure tamau, ya zama katanga. A bayan buhun, kan ƙarfen kaya, ya ninka bargo inda tsohuwa za ta zauna. Jarka biyu hagu da dama. Sannan ya kama madubai biyun ya murɗa su suna kallon ƙasa. Na ce masa wannan ganganci ne. Ya ce idan idonsa ya haɗu da nata a madubi, rami zai faɗa da su.

Barakatu ce ta yi musu tafinta a ƙofar gida, su biyun kowa yana kallon wani gefe.

"Inna, ki riƙe igiyar buhun nan da kyau. In kina son a tsaya, ki ƙwanƙwasa jarka." Ta juya ga mijinta. "Malam, ka ji. In ka ji ƙwanƙwasa ka tsaya. In ba ka ji ba, lafiya lau ke nan."

Tsohuwa ta hau ta zauna a karkace, ƙafafunta biyu a gefe ɗaya, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Suka tashi. Abin da ya biyo baya daga bakin Audi na ji shi, shekaru bayan haka, wani kuma daga bakin Barakatu, wadda ta ji daga mahaifiyarta.

Sun bi ta Ɓaɓura suka faɗa Ɗambatta, hanya fayau, sai jakai da masu keke. Hantsi ya yi musu a Kano. Audi ya ce bai taɓa ganin birnin haka ba, manyan tituna babu kowa sai 'yan bumburutu a zaune da galan. Bai tsaya ba. Jarka ba ta yi ƙara ba, shi ma bai ce uffan ba.

A wani gari bayan Kwanar Ɗangora wasu samari na kwamitin Shari'a suka ɗaga masa hannu. Babbansu ya yi sallama ya tambaya cikin ladabi wace ce ya ɗauko. Audi, wanda ya saba yi wa masu kaki tsawa, ya sunkuyar da kai ya yi magana ƙasa-ƙasa har sai da aka ce ya maimaita.

"Surukata ce."

Saurayin ya dubi buhun da ke tsakaninsu, ya dubi tsohuwar da ta juya musu ƙeya, ya danne dariya. Ya ce, "Allah ya kiyaye hanya, Baba. Amma madubanka ƙasa suke kallo."

"Haka nake tuƙi," in ji Audi.

A Tudun Wada ya sayi fura da ƙosai, ya ba wata mai talla ta miƙa wa tsohuwa, shi kuma ya zagaya bayan wata babbar mota ya ci nasa a tsaye, don ba a cin abinci a gaban suruka. Da ya dawo ya tarar ta ba 'yan yara ƙosan, furar ma kurɓa ɗaya ta yi. Suka ratsa dajin Falgore, itatuwa sun rufe hanya hagu da dama, birai suna tsallakawa. Suka yi azahar a Doguwa, shi a masallaci, ita a gidan wata mata. A nan aka nuna masa inda zai bar kwalta ya yi gabas, aka ce ya bi hanyar har ya fara ganin ramukan haƙa da tarin jar ƙasa. Mutumin da ya yi masa kwatance ya dubi baburin da kayansa ya ce, "Ka taɓa hawa can?" Audi ya ce shi da yake shiga Nijar ta daji. Mutumin ya ce to.

Bai yi nisa ba ya gane cewa abin da ya iya ba shi da amfani a nan. A rairayi gudu ake yi, a saki hannu, a bar babur ya yi iyo. Nan kuwa hanya duk tsakuwa ce da ƙundumin dutse, ruwan sama ya zaizaye tsakiyarta ya bar kwari, gefe ɗaya bangon dutse, ɗaya gefen kuma idan ka leƙa sai ka hango kan itatuwa a ƙasa. Duwatsu a kan duwatsu, wani ya ɗare a kan wani kamar da hannu aka ɗora shi. Hanya ta hau, ta karya kwana, ta sake hawa, sannan ta gangara rafi. A gangara ya danne birki har ya ji ƙauri. A hawa kuma giya ta ɗaya ce kawai take ja, injin yana ihu, zafinsa yana dukan ƙafafunsa. Ya ce mani tsoro ya ji sosai, irin wanda bai taɓa ji ba, kuma babu abin da ke bakinsa sai salati.

A gindin wani hawa mai tsawo ya tsaya ya juye sauran man jarka ɗaya a tanki. Tsohuwa tana zaune a wurinta, ya ga gefen zanenta da takalminta na roba, iyakar abin da ya yarda idonsa ya gani ke nan. Suka tsallaka wani rafi mai duwatsu masu santsi. Daga fitarsu sai ga wani dutse ya gitta hanya kamar dakali. Tayar gaba ta ɗaga sama, ya kwanta a kan tanki ya murɗa mai iya ƙarfinsa, babur ya yi tsalle ya dira a sama, ya ci gaba da hawa.

A nan ta zame. Igiyar ta kuɓuce mata, ta sulale ta baya tare da bargon, ta faɗi a kan ƙugunta. Daga baya Barakatu ta tambaye ta don me ba ta yi ihu ba. Ta ce, "Na yi gyaran murya." Barakatu ta ce gyaran murya a bayan inji, Inna? Ta ce, "To da wane suna zan kira shi?"

Shi kuwa ya ji babur ya yi sauƙi, sai ya ɗauka man da ya juye ne. Mutumin da ya saba ɗaukar buhu uku, tsohuwar da iska za ta iya ɗauka ba za ta yi masa nauyi a baya ba. Jarka ba ta yi ƙara ba, kuma an gaya masa in bai ji ba lafiya lau ke nan. Ya ci gaba da kokawa da hanya, hawa bayan hawa, har hannuwansa suka mutu. A wani wuri mai ɗan sauƙi har ya tattara ƙarfin hali ya yi magana ba tare da ya waiwaya ba.

"Sannu, Inna. Mun kusa in sha Allahu."

Ba a amsa ba. Wannan bai dame shi ba, don tun da ya auri 'yarta ba ta taɓa amsa masa ba.

Rana ta karkata, la'asar ta kusa, sai ya fara ganin ramukan haƙa da jar ƙasa, can sama kuma rufin ɗakuna da hayaƙi. Farin ciki ya kama shi. Ya tsaya a gindin wata ɗorawa kafin gidajen farko, don tsohuwa ta sauka ta gyara mayafinta ta shiga gari da ƙafarta, kada a gan ta a bayan surukinta. Ya kashe inji, ya kafa ƙafafunsa, ya sunkuyar da kai yana jira ta sauka. Ya jira. Ya ce, "Inna, mun iso." Ya sake jira. Idonsa yana ƙasa, sai ya faɗa kan inuwarsu a kan jar ƙasa: ga inuwarsa, ga ta buhu, ga ta jarka, daga nan sai rana.

Na sha gaya masa, kuma har yau ina kan bakana, cewa da mai hankali ne da ya ƙarasa cikin garin. Gidan Lawal bai fi jifa biyu daga ɗorawar ba. Da ya shiga ya ce ga Inna nan tafe, ya ɗebi mutanen da suka san hanya. Amma ya ce mani, "In shiga in ce masa me? Na yar da uwarka a daji?" Ya buga babur ya juya.

Ya gangara kamar mahaukaci. Duk inda hanya ta yi gefen kwari sai ya tsaya ya leƙa, yana ƙwala kira, "Inna! Inna!" Muryarsa ta bugi dutse ta dawo masa. Ya kai rafin nan bai gan ta ba, ya wuce har inda ya juye mai, ya wuce nan ma, don bai san a ina ta faɗi ba. Sai da ya kusa kwalta ya juyo. A dawowa ya haɗu da wata Bafulatana da ƙwaryar nono, ta ce ta ga wata tsohuwa tana ɗingishi a hanyar ƙafa da ta rabu hagu bayan rafi.

Ashe da ta faɗi ba ta zauna jira ba. Ta tashi ta ninke bargon, ta ɗora a ka, ta kama hanya da ƙafa. Da ta zo inda hanya ta rabu sai ta ɗauki siririyar, tana ganin ita ce ta miƙe zuwa sama. Ta yi ta ja har ƙugu ya ƙi. Ta ji ƙarar baburinsa ya wuce ƙasa a guje, ta ji kiran da yake yi, amma tana can bayan duwatsu, muryarta ba ta kai ba. Ya same ta zaune a kan wani falalen dutse, ta yi taimama ta yi la'asar a zaune, wuyan hannunta na hagu ya kumbura.

Ya jefar da babur ya tsuguna nesa da ita, hawaye suna zuba.

"Inna, ki yafe mani."

Ta dubi yamma ta ce, kamar da iska take magana, "Rana tana tafiya."

Ya zaro wuƙa ya yanke igiya, buhun gero ya faɗi gefen hanya, bai ko kalle shi ba. Ya murɗo madubai ya daidaita su. Ya kama ta ya ɗora a kan sirdi, karo na farko da hannunsa ya taɓa ta, ya hau gabanta.

"Inna, sai kin riƙe ni."

Ta kama gefen rigarsa da yatsa biyu. Da suka zo hawan farko ta zagaye cikinsa da hannunta mai lafiya, ta kifa goshinta a bayansa. Bai iya yin gudu ba, don duk dutsen da taya ta taka sai ya ji numfashinta ya ɗauke. A dakalin dutsen nan sauka ya yi, ya tura baburin ya haye, ya dawo ya ɗauke ta a hannu ya haurar da ita. Haka suka yi ta rarrafe, inuwar duwatsu tana tsawo, sanyi yana saukowa, wani hadari yana haɗuwa a kudu bai kuma zubo ba.

Rana tana gab da faɗuwa suka wuce ɗorawar. Wannan karon bai tsaya ba. Suna shiga gari suka ga maza suna gangarowa daga wani tudu a bayan gidaje, wasu da shebur a kafaɗa, wasu da diga, biyu suna riƙe da makara babu kowa a ciki. Audi ya kashe inji. Wani dattijo ya matso, ya dubi tsohuwar, ya gane ko wace ce, ya tsuguna.

"Sai haƙuri, Hajiya. Ana kiran la'asar Allah ya karɓi abinsa. Mun so mu jira, to ba mu san ko saƙo ya isa ba. Mu kuma a nan haƙa ba ta yi mana wuya."

Ta ce, "Allah ya ji ƙansa." Ta faɗe shi yadda ake faɗa idan ɗan maƙwabta ya rasu. Mata suka fito suka kama ta suka shigar da ita gida, ba ta yi kuka ba, don uwa ba ta kukan ɗan fari a idon jama'a.

Aka yi magariba. Aka shimfiɗa wa Audi tabarma a ƙofar gidan, jikin zana, aka kawo masa tuwo bai taɓa ba. Ta cikin zanan yana jin komai. Haulatu, matar Lawal, tana shafa wa tsohuwa man zafi a hannu tana ba ta labari cikin sheshsheka.

"Tun jiya yake saurare, Inna. Nan garin in babur ya taso daga rafi ana jin shi. Ɗazu kafin la'asar sai ga ƙara tana hawowa. Ya ce mani, ga su nan, tashe ni zaune. Na tashe shi. Ya ce in sa mashi farar rigarshi, in goge mashi baki, kada ki gan shi haka. Na sa mashi. Ƙarar ta zo har bakin gari ta tsaya. Muna ta kallon ƙofa. Can sai muka ji an sake tayarwa, ta juya ta yi ƙasa. Ya saurara har ta ɓace. Sai ya ce, ba su ba ne, kwantar da ni."

Ta ja hanci. Sannan ta ce, "Inna, ko ku ne kuka ɓata hanya?"

Audi ya ce a lokacin ya so ƙasa ta tsage ya shige. Ya riƙe numfashi. Da tsohuwa ta buɗe baki sai ta ɗaga murya fiye da yadda zancen mutum biyu ke buƙata, yadda na bayan zana zai ji sarai.

"A'a, ba mu ba ne. Wani ne mai wucewa. Mu yanzu muka iso, kuma yaron nan ya yi ƙoƙari, tun asuba yake kan hanya. Ki leƙa ki gani ko ya ci abinci."

Haulatu ta leƙo ta ga tuwon yadda aka kawo shi. Ta koma ta ce bai ci ba.

"Ki ce masa na ce ya ci."

Ya jawo kwanon ya wanke hannu, ya yanko loma ya kai baki. Ya ce mani ya daɗe yana tauna ta, ta ƙi wucewa.